Kwalayen Pépère Rosaire

Montréal, 12 ga Mayu

Zuwa ga Maman, abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da marasa lafiyan da kike jinya can arewa. Yaya sanyi? Kin ce ƙanƙara ba ta narke a ƙofar asibitinku ba har yanzu, mu kuwa nan an fara fitar da kujeru baranda. Ni lafiya lau nake. Mahaifinki Pépère ma lafiya, in ban da ƙafarsa ta hagu da take kumbura da yamma. Ya hana ni faɗa miki, don haka kada ki nuna kin sani.

Labari biyu gare ni, marar daɗi da mai daɗi. Bari in fara da marar daɗin in huta.

Mai gidan da muke haya bai sake shawara ba. 'Yarsa ce za ta shigo, don haka ranar ɗaya ga Yuli, ranar da hayar gidaje take ƙarewa a garin nan, mu ma muna cikin masu ƙaura kamar kowa. Kawu Gaétan ya samo wa Pépère ɗaki a wani gidan tsofaffi a Rosemont, ni kuma zan zauna wajensu a Longueuil har ki dawo. Mun je mun ga ɗakin. Yana da tsabta. Gado ɗaya, kujera ɗaya, 'yar kabad, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Pépère ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannuwansa, ya ce, “Gaétan, ka iya awo. Akwatin gawar ya yi daidai, saura murfi.” Kawu ya ce, “Haba Papa, kullum sai ka ɓata wa mutum rai.” 

Mai daɗin kuwa shi ne wannan. Malamin tarihinmu ya ce kowa ya yi rubutu a kan wani wuri na birnin nan da babu shi yanzu. Na zaɓi Faubourg, unguwar da Pépère ya tashi a cikinta, wadda aka rushe tun kafin a haife ki. Da na faɗa masa sai ya sa na jawo tsofaffin kwalayen nan na ƙarƙashin gadonsa. Maman, kin taɓa buɗe su? Ni na ɗauka hotunan aure ne na lokacin da yake da shagon hoto. Ashe a shekarar da za a rushe unguwar ya bi ta gida gida da kyamararsa, ya ɗauki kowace ƙofa da mutanen gidan tsaye a gabanta. Bai wanke su ba, domin kafin ya shirya mutanen sun watse, kowa ya kama gabansa. Negetif ne kawai, kowanne a 'yar ambulan ɗinsa. Sai an ɗaga su wajen haske ake ganin mutane, fuskokinsu baƙi, gashinsu fari.

Malam ya ce irin wannan ba na ƙarƙashin gado ba ne, mu kai samfuri gidan adana takardun tarihi na titin Viger, wanda ake kira da sunan Hocquart. Ranar Laraba muka je. Pépère har da ɗaura taye a wuya. A zauren shiga akwai manyan gumakan matan nan farare, sai ya cire hula ya ce musu, “Sannunku 'yan mata, ni ma an kawo ni ajiya.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da mai karɓar baƙi ya tambaye ni abin da ya kawo mu, sai takardar malam na miƙa masa.

Wata ma'aikaciya ce ta sauko, sunanta Madam Désilets. Ta sa farar safar hannu, ta jera negetif ɗin a kan wani tebur mai fitila a ƙasa. Ta duƙa tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Pépère kuwa yana ta nunawa da ɗan yatsa: wannan mai burodi ne, wannan matarsa ce ta biyu bayan ta farkon ta rasu, wannan karen ya taɓa cizonsa. Can ta ce ba ta taɓa ganin unguwar da mutanenta a tsaye haka ba, kuma tana so su duba su duka. Ta ce ko yanzu za su iya aiko mota a ɗauka a ajiye masa, tunda muna shirin ƙaura. Pépère ya ƙi. Ya ce ba zai kawo musu mutane babu suna ba, a bar shi ya zauna da ni mu rubuta sunan kowa a bayan ambulan, a Satumba ya kawo da hannunsa. Ta ce to, amma a kiyaye su daga laima da zafi.

Da za mu fita ya tambaye ta wane ne Hocquart ɗin. Ta ce mutumin da sarkin Faransa ya aiko ne ya riƙe masa al'amuran ƙasar nan a zamanin da. Pépère ya ce, “To, shi daga Faransa, ni daga titin Wolfe. Mu zauna gida ɗaya mu ga wanda za a fi zuwa nema.”

Mun fara aikin. Yana tafiya a hankali, domin kowane suna sai ya zo da labarinsa, ga kuma jarrabawa a gabana. Amma rabon da in gan shi haka tun rasuwar mahaifiyarki Mémère.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci da zafinsa. Pépère yana gaishe ki.

Taki har kullum,
Coralie

Longueuil, 3 ga Yuli

Maman,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu lafiyar jiki muna da ita. Na kira layinku jiya ya ƙi shiga, da ya shiga kuma aka ce kina karɓar haihuwa. Gara ma haka, don ba na jin zan iya faɗar wannan da baki.

Kwalayen Pépère sun ɓace. Duka.

Zan faɗa miki yadda aka yi daki daki. Tsofaffin kwalayen sun ruɓe daga ƙasa, sai na juye komai a cikin waɗanda Kawu ya kwaso daga shagon giya, irin waɗanda muka zuba tukwane da littattafai a ciki. Na rubuta suna a kan kowanne. An kai Pépère Rosemont tun ana gobe ƙaura, saboda zafi da hayaniya. Da safe titinmu ya cika yadda kika san yana cika a wannan rana: motocin kaya a jere, katifu jingine da shinge, kowa yana ihu daga baranda. Motar da Kawu ya samu ta safe ce kawai, wasu suna jiranta da azahar. Masu shigowa gidanmu kuwa har sun iso sun tsaya da kayansu a ƙasa suna duban agogo.

Mun yi kashi biyu kamar yadda ake yi. Abin da za mu tafi da shi a gindin matakala, abin da muka bari a gindin bishiya, da karyayyar kujerar nan da tsohuwar fitila, duk mai so ya ɗauka. Ni da kaina na ajiye kwalayen Pépère a gindin matakala, na tsaya a kansu. Sai firiji ya maƙale a kwanar matakalar ƙarfen. Kawu yana ƙasa ya tare shi da kafaɗa, yana zagi irin na garin nan, yana kiran sunayen kayan coci ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya ce, “Coralie! Ke gunki ce? Hau ki riƙe igiya kafin ya kashe ni!” Na hau.

Ina can sama da igiya a hannu, abokinsa Réjean ya ga kwalayen sun tare hanyar da firijin zai bi, sai ya kwashe su ya mayar gindin bishiya. Ban gani ba, bayana yake. Mun daɗe da firijin nan, har sai da aka cire ƙofarsa. Da na sauko, babu kujera, babu fitila, babu kwali ko ɗaya.

Na yi gudu har ƙarshen titi na dawo, na bi lungun baya. Matar da ke barandar tsallake ta ce ta ga wani mai keke da amalanke a baya. Mijinta ya ce a'a, farar mota ce. Ta ce, “Kai da ba ka ganin ko cokali a gabanka?” Suka kama musu, suka manta da ni. Réjean ya ce, “Yo ni na san abin da ke ciki? Kwalin giya duk kwalin giya ne, 'yan mata.” Ya ba ni haƙuri, kuma na ga ransa ya ɓaci da gaske. Ba wanda ya yi sata, Maman. Abin da ke gindin bishiya ran ɗaya ga Yuli na kowa ne, mu ma teburin kicin ɗinmu haka kika samo shi. Kawu ya ce in shiga mota, lokaci ya ƙure. Na shiga. Da muka gama sauke kaya suka zauna a ƙasa suna cin fiza, ni ko yanki ɗaya ban ɗauka ba.

Da yamma muka kai wa Pépère rediyonsa da tufafinsa. Abin da ya fara tambaya shi ne, “Ina mutanena?” Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, “Mun kai su gidan tarihin nan, Papa. Ɗakin nan ba zai ɗauke su ba, matar ta ce can za su fi samun kula.” Pépère ya yi faɗa, ya ce ba mu gama sunaye ba, wa ya sa mu. Can sai ya sauko, har ya yi murmushi. Ya dube ni ya ce, “Haka ne, 'yar ɓera?” Na sunkuyar da kai. Da yake kullum a sunkuye nake, bai ga komai ba.

A kan gada muna dawowa Kawu ya ce kada in kuskura in faɗa masa gaskiya. Ya ce zuciyar Pépère ba za ta ɗauka ba, ga barin gida ga wannan, a bari sai kin dawo. Ban san ko daidai ne ba. Ke ce babba, ki faɗa mini abin da zan yi.

Ina jiran amsarki. Allah ya tsare ki.

'Yarki,
Coralie

Longueuil, 25 ga Yuli

Maman abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan mura ta sake ki. Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce ba laifina ba ne, na gode. Na kuma fahimci ba za su sake ki ba kafin Nuwamba tunda babu wadda za ta karɓe ki. Kin ce in bi maganar Kawu tukuna, wataƙila a same su. Ina bi.

Ga abin da na yi. Na rubuta sanarwa na manna a jikin turakun wuta na tsohuwar unguwarmu, da lambar gidan Kawu. Ina mannawa ji nake duk titi ni ake kallo. Mutum ɗaya ne ya kira, shi ma tambaya yake ko mun ga kyanwarsa, ita ma ran ƙaura ta ɓace. Na je wajen masu kwasar shara, suka ce na wannan makon an riga an binne. Na bi shagunan tsofaffin kaya na titin Ontario ɗaya bayan ɗaya. A wasu na kasa magana, sai in zaga kamar mai saye in fita. A wani shago wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “'Yata, in hotuna ne wankakku da sun zo hannunmu. Negetif kuwa, ko a zubar, ko a kai wa masu narkawa su cire azurfar da ke jiki.” Ban san akwai azurfa a jikinsu ba. Na fita na zauna a tashar bas, bas biyu suka wuce ni.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Pépère ne. Maman, ya warke. Yana cin abinci, yana aske gemu kowace safiya, ya daina maganar akwati da murfi. Duk gidan tsofaffin nan ba wanda bai ji cewa hotunansa suna gidan Hocquart ba. A ɗakin cin abinci ya haɗu da wata tsohuwa, Madam Fernande Ouimet, ashe 'yar Faubourg ce, gidansu yana bayan na su Pépère. Kullum suna tare suna tsokanar juna. Tana ce masa “mai kunnen jemage”, wai haka ake kiransa yana yaro. Shi kuma yana ce mata har yanzu bakinta ya fi ta girma.

Ranar Lahadi ina zaune ta riƙe hannuna ta ba ni labari. Tana da ƙane, Ti-Paul, wanda ya faɗa ruwa ya rasu a tashar jiragen ruwa shekara guda bayan an tashe su. Ba su da hotonsa ko ɗaya. Ta ce fuskarsa ta daɗe da gushe mata, sai dai ta tuna rigarsa. Pépère ya ce mata ya ɗauki ƙofar gidansu, kuma duk yaran gidan suna ciki. Ta yi ta kuka tana dariya, tana ce mini, “Kakanki ɗan banza ne, amma Allah ya yi masa albarka.”

Yanzu sun haɗa kai da wasu tsofaffin unguwar da ke wasu gidaje, za su je su gani. Mai kula da fitar tsofaffi ta gidan ta yi musu alkawarin bas a Satumba. Na faɗa wa Kawu. Ya dafe kai ya ce kafin nan za a san dabara.

Ina yawan yin shiru a gabansa har ya fara tambaya ko saurayi na yi. Ki yi mini addu'a.

Taki,
Coralie

Longueuil, 21 ga Agusta

Maman,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Wannan gajeriya ce.

Na je titin Viger ni kaɗai. Na daɗe zaune a dandalin da ke gaban ginin kafin in iya hawa. Madam Désilets ta gane ni, ta fara tambayar yadda aikin sunaye yake tafiya. Na faɗa mata komai, ina kallon takalmana. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ba ta yi faɗa ba. Ta ce za ta tambayi dillalan da suka sani, kuma ta tambaya, ta kira ni bayan mako ta ce babu labari.

An riga an tsayar da ranar zuwan tsofaffin. Mai kula da fitar ce ta kira gidan tarihin kai tsaye, kuma gidan a buɗe yake ga kowa, ba a hana baƙi. Na roƙi Madam Désilets ko za ta ce ana gyaransu ne, ba a iya fito da su yanzu. Wannan ce dabarar Kawu. Ta ce, “Coralie, ba zan iya ce masa suna nan ba. Ba kuma daga bakina ya kamata ya ji ba. Amma in kin tashi faɗa, zan tsaya kusa da ke.”

Na yi niyyar faɗa masa ranar Lahadi. Na same shi ya shimfiɗa rigunansa a kan gado yana tambayata wadda ta fi dacewa da taye. Na zaɓa masa shuɗiyar. Na sake yin niyya ranar Laraba, sai na tarar Madam Fernande a ɗakin, ta je an gyara mata gashi tun yanzu don ta gwada. Kawu ya ce ranar yana da aiki, ba zai samu zuwa ba.

Kin ce in yi abin da zuciyata ta ba ni. Maman, ba ta ba ni komai ba.

Ki huta lafiya.

Coralie

Longueuil, 15 ga Satumba

Zuwa ga Maman,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. An koma makaranta. Kada ki tsorata da abin da zan rubuta, Pépère yana nan da ransa da lafiyarsa. Mun je ranar Alhamis, na nemi izini daga makaranta.

Bas ɗin ya cika. Duk sun sa kayan zuwa coci, wasu da sanduna, wata a keken guragu, wani ya taho da jikarsa don ta ga gidan da aka haife shi. A hanya suna ta musu a kan wane shago ne yake kwanar wane titi. Pépère yana gaba kusa da direba kamar shi ne mai motar. Ni ina can baya.

A zauren shiga Madam Désilets tana jira. Ta gaishe su, ta sa wani abokin aikinta ya zaga da su babban ɗakin karatu, sannan ta ce da Pépère ko zai zo ofis tukuna. Ya ce, “Ka ji manya, sai an keɓe da su.” Ta ba shi kujera, ta rufe ƙofa, ta zo ta tsaya a gefena kamar yadda ta ce.

Na faɗa. Ban san da wace murya ba. Na ce ba su taɓa zuwa nan ba, an ɗauke su a gindin bishiya ran ƙaura, na nema ban samu ba. Na jira ya yi ihu, ko ya dafe ƙirji kamar yadda Kawu ya ce. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi matar, ya sake dubana. Ya ce, “Duka?” Na ce duka. Ya ce, “Wa ya ɗauka?” Na ce ban sani ba. Ya murza bakin hularsa. Can ya ce, “An yi ruwa ran nan?” Na ce a'a, rana aka yi. Ya ce, “To, ba su jiƙe ba ke nan.”

Madam Désilets ta ce za ta iya yi wa sauran bayani. Ya ce a'a, shi ya tara su. Ya miƙe, na kama hannunsa, bai ture ni ba, bai kuma riƙe ni ba. Muka same su a ɗakin karatu sun zauna a dogayen tebura suna jira, an raba musu farar safar hannu, wasu har sun sa. Ya tsaya a gabansu ya ce, “Jama'a, na tashe ku a banza. Babu hotuna. Sun ɓace wajen ƙaura.” Bai ambaci Kawu ba, bai ambace ni ba. Wani mai nauyin ji ya ce, “Me ya ce?” Aka maimaita masa da ƙarfi, ɗakin kuma yana amsa murya. Ɗaya bayan ɗaya suka cire safar suka ajiye a kan tebur.

Madam Fernande ba ta cire tata ba. Ta taso ta zo gabansa ta ce, “Rosaire, mai kunnen jemage, ba komai. Kai ai ka gan shi ran nan. Faɗa mini kawai, yaya yake a ciki?” Pépère ya ce, “Yana zaune a dokin ƙofa, yana dariya, haƙoransa biyu na gaba babu. Ke kina bayansa kin dafa kansa.” Ta rufe baki da hannu ta ce, “Ni na dafa kansa?” Ya ce, “Ke.” Ta koma ta zauna tana ta maimaitawa a hankali.

A bas wajen dawowa ya zo baya ya zauna kusa da ni. Ba mai musu yanzu. Mun wuce wajen da unguwar Faubourg take a da, bai ko waiwaya ba. Sai da muka kusa isa ya sunkuyo ya ce, “'Yar ɓera, ban tuna yaron nan ba. Ko kaɗan. Ba mu kai kwalinsu ba wajen rubuta sunaye.” Na ce wataƙila zai dawo masa. Ya girgiza kai. Ya ce tun daga ofis yake ƙoƙarin bin titin Wolfe a ransa gida gida, yana kaiwa ƙofa ta uku sai ya ga fili.

Bai yi wa Kawu magana ba har yau. Ni yana yi mini, amma a kan abu ɗaya. Ya tambayi ranakun da ake fitar da shara a tsohuwar unguwarmu. Jiya bayan makaranta na je na ɗauke shi, muka bi lunguna, yana jan ƙafar nan tasa. Duk inda ya hangi kwalin giya sai ya tsaya ya nuna da sanda, ni kuma in durƙusa in buɗe. Kwalabe ne, da jaridu, da takalman wani yaro. Mutane suna kallonmu daga baranda. Da ya gaji muka zauna a dakalin wani gida, ya ce ba komai, mai ɗauka yakan gaji da abu ya mayar, mu dawo ran Litinin.

Na ce to. Maman, ban san me zan ce masa ba in ba to ba. Sanyi ya fara shigowa da yamma, zan kai masa babbar rigarsa. Don Allah ki sake tambayarsu ko za su sake ki kafin Nuwamba.

Ina gaida abokan aikinki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

'Yarki mai kewarki,
Coralie